Kafin a sayi maganin ƙarin jini, a tambayi ina jinin yake tafiya

A kemis-kemis ɗin Kano, Zariya ko Maraɗi, da wuya rana ta faɗi ba a ji wani ya ce "a ba ni maganin ƙarin jini" ba. Mai shago ya sauko da kwalba mai jan ruwa, a biya, a kama hanya. Sau da yawa mai sayen yana da gaskiya game da abin da yake ji a jikinsa, domin ƙarancin jini ya yi mana katutu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa yara 68 cikin 100 'yan wata 6 zuwa 59 suna da shi, haka ma mata 58 cikin 100 'yan shekara 15 zuwa 49. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tambayar da ake tsallakewa: me ya rage jinin? Ƙarancin jini alama ce da cututtuka da dama suke nunawa. Wasu ƙwaya mai araha tana kawar da su, wasu kuwa ko an shanye kwalba goma ba za a taɓa su ba, sai dai a ɓata lokacin da ya kamata a ce an gano su.

Abin da likita yake nufi idan ya ce jini ya yi ƙasa shi ne himoglobin ya ragu, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi shi ne ƙasa da giram 13 a kowace desilita ga namiji baligi, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu. A asibitocinmu an fi jin PCV, wato awon kason da jajayen ƙwayoyin suka ɗauka a cikin jini, wanda lambarsa kusan ninkin himoglobin uku ce, shi ya sa ma'aikaciyar awo take ɗaga kai ta dubi mai ciki idan ta ga lambar ta gaza 33. Idan oksijin bai isa ba, kasala ce take fara zuwa, sai jiri idan an miƙe, ciwon kai, haki bayan ɗan hawa ko ɗan daka, da bugun zuciya da mutum yake ji har a kunnensa. Tafin hannu da harshe su ɗashe. In abin ya yi nisa ƙafafu su kumbura, domin zuciya ta gaji da gudun da take yi don ta cike giɓin.

Ɓargo ne yake ƙera jajayen ƙwayoyin nan, kowace ta yi kwana 120 ko kusa da haka tana aiki, sannan saifa da hanta su wargaza ta. Ba ya iya ƙera himoglobin sai da sinadarin ƙarfe, wato ayon. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jini. Jiki yana matuƙar tattalinsa: ƙarfen tsohuwar ƙwaya shi ake mayarwa ɓargo a ƙera sabuwa da shi, abin da hanji yake tsotsa daga abinci kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne kacal a rana, daidai da ɗan abin da yake fita ta fata da hanji. Wannan lissafin yana tafiya daidai muddin jini bai fita daga jiki ba. Kowace mililita 2 ta jini tana ɗauke da kusan miligiram 1 na ƙarfe. Ke nan wanda yake zubar da cokalin shayi ɗaya na jini kullum, ko da bai gani da idonsa ba, yana asarar fiye da abin da ya saba samu daga abincin yini guda.

Rarar da jiki ya samu yana tara ta a hanta da ɓargo cikin wani sinadari da ake kira feritin, kamar yadda manomi yake zuba hatsi a rumbu. Idan abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, rumbun ake fara ci, kuma gida ba ya jin yunwa tukuna: PCV yana nan lafiya lau, sai dai gajiya, zubewar gashi, farce mai saurin karyewa. Sai rumbu ya zama wayam sannan jini yake fara sauka. Saboda haka duk wanda aka auna aka ce jininsa ya yi ƙasa don rashin ƙarfe, ya san cewa abin ya yi watanni, wataƙila shekaru, yana tafe.

Mata ne suka fi ɗaukar wannan nauyin, kuma dalilan a fili suke. Jinin al'ada na wata guda yakan kai mililita 30 zuwa 40, idan ya haura 80 ya zama mai yawa. Ba mai aunawa da kofi, amma mace ta san kanta: al'adar da take wuce kwana bakwai, ko take zuwa da guda-guda, ko take sa a sauya ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko a tashi cikin dare don sauyawa. Mata da yawa sun ɗauki wannan a matsayin yadda Allah ya yi su, kunya kuma ta hana su faɗa wa likita, musamman in namiji ne. Alhali ƙari a mahaifa yana yawan haddasa shi, kuma akwai magunguna irin su tiranekzamik asid da suke rage zubar ƙwarai. Sai kuma ciki. Ciki ɗaya yana cin kusan miligiram 1,000 na ƙarfe tsakanin jariri, mabiyiya, ƙarin jinin da uwa take yi da wanda za ta zubar wurin haihuwa. Mata ƙalilan ne suke shiga ciki da ajiyar da ta kai haka. Idan aka yi kwanika, ciki na biyu yana samun rumbu a share. Idan yarinya ce da ba ta gama girma ba, jikinta da na ɗan cikinta ne suke rabon abu kaɗan ɗin da ke akwai. A gidaje da yawa kuma tsokar da ke cikin miya a kwanon maigida take ƙarewa, mai ciki da mai goyo su sha romo. Ba da mugunta ake yi ba, girmamawa ce da aka gada, amma ni a ganina maigidan da ya fahimci lissafin nan da kansa zai ce a juya rabon.

Akwai alamar da muke gani kullum muna wucewa. Mai ciki ta ƙulle farar ƙasa a bakin zani tana gutsura, ko budurwa ta zauna tana taunar ƙanƙara har haƙoranta su yi sanyi, wata ma ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa ne yake jan ta. Ana cewa kwaɗayin ciki ne. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan sha'awar tana tafiya tare da ƙarancin ƙarfe, kuma sau da yawa takan ɗauke cikin 'yan kwanaki ko makonni da fara magani. Ita farar ƙasar tana iya riƙe ɗan ƙarfen da ke cikin abinci ta hana hanji tsotsarsa, ga kuma ƙwan tsutsa da za a iya haɗiya tare da ita.

Ga namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, maganar ta sha bamban, kuma a nan ne kwalbar kemis ta fi yin ɓarna. Irin wannan mutum ba shi da hanyar zubar jini ta ɗabi'a, don haka idan ƙarfensa ya ƙare dole a nemi inda yake tsiyaya, kuma galibi a ciki ko hanji ne. Lebura, manomi ko mai tura baro da yake haɗiyar ibufurofen, dikilofenak ko asfirin kullum don ciwon jiki, sau da yawa cikin "haɗin" da ba a gaya masa abin da ke ciki ba, yana iya samun gyambon ciki mai zubar da jini a hankali. Alamarsa bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari. Basir mai jini ma yana rage jini idan ya daɗe. Sai dai mun saba kiran duk jinin da ya biyo bayan gida basir, a nemi jiƙo a sha, alhali ciwon dajin hanji da haka yake fara sallama. Dattijon da ya haura hamsin, jininsa ya yi ƙasa, yana ramewa, bayan gidansa ya sauya, abin da yake buƙata shi ne a duba cikinsa da hanjinsa da na'ura mai kyamara. Manyan asibitocin koyarwa suna yin wannan. Yana da tsada, amma ƙarin da aka gano da wuri ana iya cire shi.

Jariri yana zuwa duniya da ajiyar da za ta kai shi wajen wata shida, kuma jinkirta yanke cibiya na minti ɗaya zuwa uku yana ƙara masa ita ba tare da an kashe ko kwabo ba. Daga wata shida nono kaɗai ba ya wadatar da shi da ƙarfe. Idan abin da ake ɗura masa koko ne zalla, ciki zai cika, jini kuwa ba zai samu abin ƙira ba, a daidai shekarun da ƙwaƙwalwa take girma da sauri. Da ya fara yawo ba takalmi, tsutsar da take huda fatar ƙafa ta je ta maƙale a hanji tana shan jini ta samu hanya. A garuruwan da ke bakin dam da fadama kuma ga tsargiya, har wasu suna ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji. Ƙwayar albendazol tana kashe tsutsar, firazikwantel yana maganin tsargiyar, kuma ana rabon su kyauta a makarantu a wurare da yawa.

Abincinmu ba matalauci ba ne wajen ƙarfe, matsalar tana wajen tsotsa. Ƙarfen da ke cikin nama, hanta, ƙoda da kifi yana shiga jiki da sauƙi. Wanda ke cikin gero, dawa, wake, zogale, alayyafo da kuka kaɗan ne daga cikinsa yake wucewa, domin hatsi da wake suna da wani sinadari, fayitet, da yake ɗaure shi. Jiƙa hatsi, barinsa ya tsira ko ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasara, yana rage wannan ɗaurin. Bitamin C yana kwance shi, don haka lemon tsami a kan kwaɗon zogale, ɗanyen tumatir, gwaba ko lemon zaƙi bayan tuwo suna da amfani na gaske. Ɗan nama ko kifi a cikin miya ma yana taimaka wa ƙarfen ganyen ya shiga. Shayi kuwa akasin haka yake yi, musamman mai kaurin nan da ake dafawa a buta a sha da zarar an sauke cokali. Ba sai an bar shi ba, a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu daga abinci. Madara ba ta da ƙarfen kirki, kalsiyam ɗinta ma yana rage tsotsarsa, don haka haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake kai wa mai jego ƙarfin jiki na ɗan lokaci kawai yake ba ta. Jan launin zoɓo ko na karan dafi shi ma ba hujja ba ce cewa abu yana zama jini. Masu binciken noma sun kama bakin zaren ta wani gefen: a 2018 Nijar ta fitar da irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, mai ƙarfe fiye da na gargajiya.

Duk da haka, ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, yana iya sauke jinin yaro cikin kwana biyu ko uku, shi ya sa ɗakunan yara suke cika da masu neman ƙarin jini daga tsakiyar damina zuwa kaka. Mai amosanin jini, wato sikila, ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, kuma in ana yawan ƙara masa jini ƙarfe taruwa yake yi a jikinsa har ya illata hanta da zuciya, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar. Ba shi maganin ƙarfe ba tare da gwaji ba ganganci ne. Ƙodar da ta lalace tana daina fitar da sinadarin da yake umartar ɓargo ya yi aiki. Rashin folik asid ko bitamin B12 yana sa ƙwayoyin su fito manya marasa ƙwari, na B12 har da sagewar ƙafa da mantuwa. Gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ita ma tana hana ƙera himoglobin.

Akwai kuma wani abu da aka gano a farkon shekarun 2000 wanda ya sauya fahimtar likitoci. Hanta tana fitar da wani sinadari, hefsidin, da yake rufe ƙofar shigar ƙarfe daga hanji, ya kuma kulle wanda ke ajiye. Yana ƙaruwa duk lokacin da jiki yake yaƙi da cuta, domin ƙwayoyin cuta su ma ƙarfe suke nema. Mai tarin fuka, mai cutar HIV ko mai maleriyar da ba a magance ba zai iya shan ƙwayar ƙarfe wata da watanni ba ta shiga. Wani babban gwaji da aka yi a tsibirin Pemba na Zanzibar, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa raba wa yara ƙarfe barkatai a inda maleriya ta yi yawa, ba tare da kariya daga gare ta ba, ya ƙara yawan waɗanda aka kwantar a asibiti. Tun daga nan ƙa'idar ita ce a haɗa ƙarfe da gidan sauro, gwaji da maganin zazzaɓi.

Shi ya sa jawo fatar ido a leƙa, ko da yake yana da amfani, bai isa ba. Yana kama ƙarancin da ya yi tsanani, mai sauƙi kuwa yakan wuce. PCV yana faɗin ko jini ya ragu, ba ya faɗin dalili. Cikakken ƙidayar jini ta fi shi, domin tana nuna girman ƙwayoyin: ƙanana masu ɗashewa sun fi nuna rashin ƙarfe, manya suna nuna folik asid ko B12. Gwajin feritin shi ne yake leƙa ajiyar kai tsaye. Ƙasa da 15 ga babba tabbaci ne ta ƙare, likitoci da yawa ma suna ɗaukar ƙasa da 30, sai dai zazzaɓi ko kumburi suna ɗaga lambar ta yi kamar lafiya. A kan waɗannan akan ƙara gwajin maleriya, na jinotayif, na bayan gida da na fitsari gwargwadon labarin da mara lafiya ya bayar. Inda feritin ya fi ƙarfin aljihu, ga macen da dalilinta yake a bayyane, likita yakan fara magani ya ce a dawo a sake aunawa bayan mako biyu zuwa huɗu. Wannan dawowar ita ce rabin aikin, kuma ita aka fi watsarwa.

Maganin kansa ba shi da tsada. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da kusan miligiram 65 na ƙarfe, fiye da abin da ke cikin cokalin wasu ruwan kwalba da suka ninka ta kuɗi. A da ana cewa sau uku a rana. Binciken da aka yi a Zurich ta Suwizalan daga 2015 ya nuna cewa ƙwaya ɗaya tana ɗaga hefsidin har na kusan yini guda, ta biyu da ta uku kaɗan ne daga cikinsu yake shiga, don haka yanzu likitoci da yawa suna cewa sau ɗaya a rana, ko a sha yau a tsallake gobe. A sha da ruwa ko ruwan lemo, nesa da shayi, madara da maganin olsa. Bayan gida zai yi baƙi saboda ƙwayar, wannan ba abin tsoro ba ne. Tashin zuciya da taurin bayan gida su ne suke sa mata su jefa ƙwayar a ƙasan akwati, su ce wa ma'aikaciyar awo "ina sha". Gara a faɗa mata gaskiya: "Malama, yana tayar mini da zuciya." Za ta iya cewa a sha da dare, ko bayan ɗan abinci, ko a sauya nau'i. Tsoron da wasu suke yi cewa ƙwayar tana sa ɗa ya yi ƙato har haihuwa ta gagara shi ma ya kamata a aje shi. Abin da take yi shi ne rage haihuwar jariri mara nauyi, kuma uwar da ta shiga naƙuda da isasshen jini ita ce take iya jure zubar da wadda jininta ya yi ƙasa ba za ta jure ba.

Idan magani ya karɓa, himoglobin yakan hau da kusan giram 2 cikin mako uku zuwa huɗu. Mutum ya ji ƙarfi, sai ya ajiye. Nan ne kuskuren yake, domin jini ne ya dawo, ajiyar tana nan babu komai, kuma cika ta yana buƙatar ƙarin wata uku ana sha. A kuma ɓoye ƙwayoyin inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin jajaye ne masu kama da alewa, kuma da yawansu a lokaci guda suna iya kashe ƙaramin yaro. Ga mai ciki, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da 0.4 na folik asid kullum, tare da maganin rigakafin maleriya na SP, wato Fansida, duk wata daga wata na huɗu.

Wadda ba ta iya jure ƙwaya, ko haihuwa ta matso, akwai ƙarfen da ake sa wa ta jijiya, har miligiram 1,000 a zama ɗaya na mintuna kaɗan. An gwada shi a gida: binciken IVON da Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranta, tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, a kan masu ciki sama da 1,000 a Legas da Kano, wanda aka wallafa a 2024. Na jijiyar ya fi ƙwaya cike ajiyar ƙarfe nesa ba kusa ba, amma yawan matan da suka kai ƙarshen ciki da ƙarancin jini bai bambanta sosai tsakanin rukunin biyu ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, a cikin matanmu akwai da yawa da wani abin daban yake cin jininsu bayan rashin ƙarfe.

Ƙarin jini na leda kuwa na ceton rai ne: ga wanda himoglobin ɗinsa ya faɗi ƙasa da 7, ko yake haki yana zaune, ko yake zubar da jini a lokacin, ko yaron da ya ɗashe fat yana numfashi sama-sama. Irin waɗannan ba a kwana da su a gida. Leda ɗaya tana ɗaga himoglobin ɗin babba da kusan giram 1 ne kawai, kuma dole a tabbatar an tantance ta daga HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Ba ta taɓa dalilin da ya kawo mutum gadon asibiti. Ranar sallama, mai jinya ya tsaya ya tambayi likita abin da aka gano ya jawo ƙarancin, wane magani za a ci gaba da sha kuma har zuwa yaushe, da ranar da za a dawo a sake auna PCV, ya kuma sa a rubuta masa ranar a kati.